Gunti Yena: korin da ya ratsa tsakiyar Yamai, da abin da zai mai da shi wurin shan iska

Wata malamar lakwal, ƴar Tawa da aka yi wa canjin aiki zuwa Yamai bara, ta aiko mini da tambaya. Ta ce duk ranar da taksi ya bi da ita ta wajen Katako takan hango wani kwari mai itatuwa da garake, sai dai warin da ke tasowa daga cikinsa kan sa ta toshe hanci da mayafi. An ce mata sunansa Gunti Yena, an kuma ce mata da can wuri ne mai daɗin zama. Tana son ta ji tarihinsa, daga ina ya taso kuma ina ya faɗa, ko za ta iya kai ɗalibanta su gani, da kuma ko akwai ranar da zai zama wurin shaƙatawa na sosai.

Ɗiyata, barka da zuwa Yamai, Allah ya sa ki ji daɗin zama. Tambayarki ta faɗo hannun wanda abin ya daɗe yana ci wa rai. Aikin gandun daji na yi har na yi ritaya, kuma shekaru da dama daga ciki a renon itatuwa na yi su, ƙafata cikin lakar wannan kwarin. Ban ga laifinki ba da kika toshe hanci, warin gaskiya ne. Amma abu na farko da nake so ki cire daga ranki shi ne cewa lambatu ne gwamnati ta haƙa. Kori ne, irin waɗanda kika taso kina gani a Adar, masu kwana a bushe su wayi gari suna tafiya da raƙumi. Zabarmawa na ce wa irinsa goru, shi ya sa za ki ji sunaye irin su Goru Banda da Goru Kirey a kewayen gari. Korin ya riga birnin zama a wurin. Mutane ne suka zo suka same shi.

Yamai ta gaɓar hagu, wato ɓangaren da ba Harobanda ba (unguwar ƙetaren kogi), tana zaune ne kan tudu mai shimfiɗa. Samansa marmara ce da tsakuwa da rairayi, ƙarƙashinsu dutsen yashi da yumɓu, can ƙasa kuma tsohon dutse mai tauri wanda ke leƙowa a wasu wurare na bakin kogi. Daga saman tudun zuwa bakin kogin Isa, wato kogin Neja, akwai gangara ta mita 30 zuwa 40. Duk ruwan da ya sauka a arewacin gari dole ya nemi hanyar gangarowa, kuma Gunti Yena ce babbar hanyarsa. Rassanta na sama suna tattaro ruwan unguwannin arewa, su haɗu, ya ratsa ƙarƙashin titin Mali Bero, ya bi gefen filin wasa na Janar Seyni Kountché, ya wuce ta Katako inda aka yi gadar sama ta Diori Hamani a 2018, ya gangara tsakanin Filato, unguwar ofisoshin gwamnati, da tsohon gari, ya bi gefen gidan tarihi na ƙasa, sannan ya faɗa kogi kusa da otal ɗin Gaweye, ba nisa da gadar Kennedy. Ke nan abin da kike hangowa daga taksi tsakiyar tafiyarsa ce kawai.

Ruwan saman Yamai bai taka kara ya karya ba idan aka duba jimilla: milimita 500 zuwa 600 a shekara, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ce uwar damina. Matsalar tana wajen yadda yake zuwa. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, cikin awa ɗaya ko biyu a zubar da abin da wata ƙasar sai ta yi sati tana karɓa da yayyafi. Ga lissafin da za ki iya yi da ɗalibanki a kan allo. Idan aka yi ruwa na milimita 50, kowace hekta ɗaya ta karɓi lita 500,000, wato tano 2,500 na lita 200. Rufin kwano na gida ɗaya mai faɗin murabba'in mita 100 shi kaɗai zai zubo da tano 25. Lokacin da arewacin gari yake gonakin hatsi da daji, rairayi kan shanye kaso mai yawa, sauran ya gangaro a hankali. Yau kwano ne da siminti da kwalta da ƙasar da ƙafa ta daddaɓe. Ruwan ba ya samun inda zai nutse, sai ya taru gaba ɗaya ya afko wa kwarin a lokaci guda, ɗauke da yashi da leda da duk sharar da ya tarar a hanya.

Kogin da yake faɗawa ma yana da nasa hali. Sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso, akwai kuma ruwan Gini wanda ke daɗewa a fadamun Mali kafin ya iso nan wajen Disamba da Janairu. Na biyun ba ya damun kori, don lokacin babu ruwan sama. Jan ruwa ne mai haɗari. In kogi ya batse kuma aka sheƙa ruwa cikin gari a rana guda, bakin korin ya toshe ke nan, ruwansa ya rasa mafita ya koma baya ya bazu. An ga ambaliya mai muni a 2012, an ga wadda ta fi ta a Satumban 2020 lokacin da kogi ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika yarda da shi ba sai sun gani da ido: ruwan ƙarƙashin ƙasa yana tasowa a wannan kwarin. A ƙasar da kowa ke kukan fari, abin kamar almara, amma masana sun daɗe da tabbatar da shi a kudu maso yammacin Nijar. Da aka sare daji, saiwoyin da ke zuƙo ruwa daga ƙasa sun ragu, ruwan sama kuma ya riƙa gudu yana taruwa a tafkuna yana nutsewa. A cikin gari an ƙara da ruwan famfo da ke yoyo, da na wanka da wanki da masai da ke shiga ƙasa dare da rana. A wasu unguwanni na saman kwarin akwai gidajen da ruwa ke tsattsafowa daga daɓensu har cikin rani, gishiri ya cinye gindin bango, wasu masu gidan sun haƙura sun tashi. Wannan ruwan, haɗe da wanda magudanan unguwanni ke zubowa, shi ya sa korin da a da yake bushewa bayan damina yanzu ba ya yankewa.

Ta fuskar tarihi, masu ba da labarin kaka da kakanni sun saɓa a kan wanda ya fara sauka, Mauri ne ko Zabarmawan Kalle, kuma kowane gida yana riƙe da nasa. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne wurin: ƙauyukan farko a nan ƙasan kwarin suke, kusa da inda ya haɗu da kogi. Dalili a fili yake, ga kifi, ga fadama, ga ruwa a kusa, ga tudun da ambaliya ba ta kai wa. Maurey, Kalle, Gaweye da Zongo inda fataken Hausawa suka sauka, duk a wannan kewayen suka tsiro. Faransawa sun kafa bariki a nan a farkon shekarun 1900, suka mai da hedikwata Damagaram a 1911, sannan gwamna Brévié ya dawo da ita Yamai a 1926.

Daga nan korin ya samu wani aiki da ba nasa ba. Da nasara suka zo tsara gari, sai suka ɗauki tudun da ke yamma da kwarin, Filato, suka yi gidan gwamna da ofisoshi da gidajen ma'aikatansu, da tituna masu faɗi da aka jera wa maɗaci da bedi. Ƴan ƙasa aka bar musu gabas. Kwarin ya zama iyaka tsakanin biyun, da hujjar kiwon lafiya, wai kada cutar talaka ta haura wa bature. Wariya ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Sai dai ta bar mana gado ɗaya mai amfani ba da niyyar masu ita ba: tun da ba a yarda a yi gini a ciki ba, tsakiyar babban birninmu ta tsira da doguwar shimfiɗa ta kore wadda da yanzu shaguna ne.

A gangaren ƙasan kwarin ne aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a 1959, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Boubou Hama, mutumin da ya tsaya tsayin daka har aka kafa shi, Pablo Toucet kuma ya zama shugabansa na farko. Filinsa ya kai wajen hekta 24. Mutanen gari Muze suke ce masa. Idan kina neman amsa ta kai tsaye, shin akwai wurin shaƙatawa a bakin Gunti Yena, to ga shi nan, ya haura shekara 60 yana aiki. Akwai dorina da zaki da kura da kada, akwai ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a Gadufawa cikin yankin Agadas, akwai kututturen itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973, akwai maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban mai kallo. Ki je ranar Sallah ki ga yara cikin sababbin kaya kamar an yi ɓarin gero. Duk wanda ya ce mutanen Yamai ba su damu da wurin shan iska ba, bai taɓa tsayawa a ƙofar Muze washegarin Sallah ba. Daga baya gine-gine suka riƙa matso kwarin: gadar Kennedy a 1970, otal ɗin Gaweye da kuɗin yuraniyom a farkon shekarun 1980 bayan an tashi mutanen tsohuwar unguwar, sai filin wasa da Sin ta gina aka buɗe a 1989, wanda ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005.

Yadda ya lalace kuwa ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen Yamai wajen 30,000 ne. A ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Gari ya ninka fiye da sau 30, amma ba a yi masa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu ɗauke ruwan ƙazanta zuwa inda za a tace shi ba. Magudanan da aka gina don ruwan sama su ne kowa ya juya wa bututun wankansa, wani ma har na masai, kuma dukansu gangara suke bi, gangara kuwa a Gunti Yena take ƙarewa. Ki ƙara da Katako, kasuwar da ta ci sunanta, inda ake sayar da katako da ƙarafa, ake narka sanholo a zuba tukwane, ake farfasa tsofaffin injuna. Baƙin mai, ruwan batir, rini, duk akwai rabon kori a ciki. An yi dokar hana leda a 2014, amma ki leƙa ƙarƙashin kowace gada ki ga abin da ke maƙale. Lokacin da na fara aiki, rijiyar garka a kwarin nan mutum kan sha ruwanta ya yi alwala. Yau ko ɗan akuyata ba zan ba shi ba.

Yanzu bari in zo kan mutanen da aka fi zagi a wannan magana, masu garka. Wasunsu ƴan asalin gari ne da suka gaji wurin, wasu ƴan ci-rani ne daga karkara, har da ƴan Burkina. Suna noma salati, kabeji, alayyafo, yakuwa, zogale, na'ana'a da faski, a gefen titi kuma masu renon itatuwa sun jera dashen mangwaro da lemu da gwaiba da furanni cikin leda. Gaskiya ne da yawansu da ruwan korin suke ban-ruwa, kuma gaskiya ne akwai haɗari. Ruwan ƙazanta taki ne, shi ya sa ganyen ke yin shar, amma yana ɗauke da ƙwayoyin taifot da atuni da ƙwan tsutsar ciki, kuma in kwalara ta shigo gari shi ne dokinta. Abin da aka dafa da sauƙi. Salati da ake ci ɗanye shi ne abin tsoro, don haka a wanke shi sosai, a jiƙa shi cikin ruwa mai ɗigon jabel kamar yadda ma'aikatan lafiya ke koyarwa, a ɗauraye da ruwa mai tsabta. Mai garkar kansa, da ke tsoma ƙafa da hannu a ciki tun asuba, ya fi mai saye shiga haɗari.

Duk da haka ina faɗa da babbar murya: ba don su ba, da babu ko itace ɗaya a kwarin nan. Duk inda kika ga mangwaro mai inuwa, wani ne ya dasa shi ya yi masa shinge ya hana akuya. Duk inda aka kori mai garka aka bar fili ba mai shi, cikin wata shida juji ne, cikin shekara biyu wani ya kafa tubali. Ba su suka ɓata ruwan ba, daga gidajenmu ya gangaro musu. Na sha zama a taron da wani mai babbar riga zai tashi ya ce a share su a yi fili mai ciyawa irin na Turai, kuma kullum sai raina ya ɓaci, don na san wa zai shayar da wannan ciyawar a watan Afrilu in rana ta haura digiri 40: ba kowa.

To zai iya zama wurin shaƙatawa na sosai? Zai iya, kuma ba sai mun tafi nesa neman misali ba. A Wagadugu akwai Bangr-Weogo, tsohon kurmi ne a ƙasan madatsun ruwan gari, ruwa na ratsa shi, an kewaye shi an yi hanyoyin ƙafa, mutane na shiga da ɗan kuɗi kaɗan su yi gudu su huta. Bamako ta buɗe nata babban lambun a 2010. Misalin da nake jin tsoro shi ne Jakara ta Kano, rafin da tarihin birnin ya rataya a wuyansa, wanda ya zama magudanar ƙazanta har aka ga ba abin yi sai a zuba masa kankare. Kankare na da ranarsa, a gindin gada da inda gaɓa ke zaftarewa kusa da gidaje ba makawa. Amma in aka shafe korin da shi tun daga sama har ƙasa, ruwa zai ƙara gudu ya faɗa wa na ƙasa da ƙarfi, ba abin da zai nutse, itatuwan gefe su rasa danshi, a samu dogon kasko mai zafi a tsakiyar gari.

Ruwa za a fara gyarawa, ba kujeru ba. Wannan ita ce maganata tun ina aiki, kuma ban sauya ba. Muddin ruwan wanka da na masai na shiga kori, ko an jera fitilu da lilo ba mai kawo iyalinsa ya zauna cikin wari da sauro. Abin da ake bukata shi ne bututu a kowane gefe da zai tare ruwan ƙazantar unguwanni kafin ya faɗa kori, ya kai shi wurin tacewa. Ƙasarmu ma ta dace da hanya mai arha, wato jerin tafkunan da ake barin ruwa ya kwanta cikinsu na makonni, datti ya zauna, rana da ƙananan halittu su kashe ƙwayoyin cuta. Rana kam Allah ya hore mana. Ruwan da ya fito daga nan shi za a ba masu garka, su huta da cuta, mu ma mu ci salati da kwanciyar hankali. Sai raga ta ƙarfe a bakin manyan magudanai don tare leda, da mutanen da aikinsu ke nan su kwashe ta, musamman a watan Mayu kafin ruwan farko.

Bayan haka a bar wa ruwa gadonsa. Wannan darasin da hannuna na koye shi. Wata shekara, ana shirin bikin dashen itatuwa na 3 ga Agusta, wanda ake yi tun 1975, aka umarce mu mu dasa ɗaruruwan itatuwa a ƙasan kwarin don wurin ya fi kyau a hoto kuma ya fi kusa da inda manya za su tsaya. Na ce a hau da su kan gaɓa, ba a saurare ni ba, ni ma ban nace yadda ya kamata ba. Dashen da muka yi wata huɗu muna reno, ruwa ɗaya na tsakiyar Agusta ya tafi da kusan dukansu, ragowar yashi ya binne. Na tsaya a bakin gaɓa da safe ina kallon ledojin da muka cire daga gindinsu suna rataye a ƙaya, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Tsakiyar kori ta ruwa ce. Abin da za a sa a can sai wanda in ruwa ya hau shi ya sauka ba a yi asara ba: filin ƙwallo na ƙasa, hanyar ƙafa, ciyawa. Rumfuna da makewayi da wurin salla da wurin wasan ƙananan yara, a kan tudu.

Gaɓa kuma a riƙe ta da gabiyon, wato duwatsu cikin ragar waya, irin waɗanda aikin raya karkara na Keita ya cika ƙasarku da su tun 1984, a bi bayansu da jema da gamba, don saiwar jema tana nutsawa ƙasa ta ɗinke ta kamar zare. Wajen itace, kowane da mazauninsa. Giyayya da bagaruwa suna jure tsayuwar ruwa, su ne na ƙasa. Kanya, tsamiya, marke da maɗaci a tsakiyar gangara, inuwarsu ba ta da na biyu ko da yake suna da jinkirin girma. Gawo na da halin da ya dace da mu, yana fid da ganye da rani lokacin da ake neman inuwa, ya kaɗe da damina. Bedi baƙo ne daga Indiya amma ya zama ɗan gida, a kan tudu ba ya ba da wahala. Itacen turare kuwa a yi hattara da shi: yana da amfani a unguwannin da ruwa ke tsattsafowa don mashayi ne, amma kusa da garka zai shanye rijiya ya hana komai tsiro a ƙarƙashinsa.

Dashe ba shi ne aiki ba, reno ne. Itace na bukatar rani biyu ko uku ana shayar da shi ana kare shi daga awaki kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma a nan ne ayyuka da yawa ke mutuwa bayan an gama biki. Ki dubi koren zoben da aka fara dasawa a kewayen Yamai a 1965, wajen hekta 2,500 na bedi, yadda aka yi ta yankarsa ana rabawa ana zuba masa shara, in ban da ɗan ɓangaren da aka kewaye aka yi lambun abotar Nijar da Turkiyya. Sannan ki dubi jerin bedin kwarin Majiya a jiharku, da aka fara a 1975: manoma sun ga yana kare musu hatsi daga iska, suna samun itace in an yi sassabe, sai suka tsare shi. A Gunti Yena masu tsaron suna nan a shirye. A ba mai garka takardar da ta tabbatar masa ba za a tashe shi ba, da sharaɗin ya bar hanyar ƙafa a gefen shingensa, ya kula da itatuwa goma ko ashirin da ke kusa da shi, ya hana zuba shara. Ba ma'aikacin da za a ɗauka da albashi ya yi wannan aikin kamar shi.

Kuma a yi wurin don yadda muke hutawa, ba yadda ake hutawa a wata ƙasa ba. Matasa na son inda fada, wato majalisar hirarsu, za ta shimfiɗa tabarma ta ɗora shayi. Dattawa na son inuwa da rairayin dara. Masu gudu da tafiyar rage ƙiba da hawan jini, waɗanda yanzu ke zagaya filin wasa da asuba da yamma, za su so doguwar hanya mai inuwa wadda babu mota. Mata ba za su zo ba sai da fitila, da makewayi mai tsabta, da mai gadi. A bar masu ƙosai da masu kilishi da masu dambun kopto su yi sana'a a ƙofa cikin tsari, kuɗin rumfarsu ya biya mai shara. Kuɗin shiga in za a sa, kada ya wuce abin da uba mai ƴaƴa biyar zai iya biya ba tare da ya taɓa kuɗin cefane ba.

Game da ɗalibanki, ki kai su, amma tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da hantsi, ranar da ba ƙura. Da damina kada ki kuskura ki sauka da yara cikin kwarin ko da sama tana garau a inda kike, don ana iya yin ruwa a arewacin gari ya iso miki ba sallama. Kowane yaro ya sa takalmi rufaffe, ku tafi da ruwan shanku da sabulu, kuma ba mai taɓa ruwan kori. Ku fara daga Muze, ku tsaya a sama su ga yadda ƙasa ta gangara, ki nuna musu Filato a ɗaya gefen ki ba su labarin iyakar. Daga nan ku je wajen masu renon itatuwa, kowane yaro ya koyi sunan itace uku da Hausa da Zabarmanci, in da hali aji ya sayi dashe ɗaya na harabar lakwal. In kun yi shiru za ku ga balbela da zalɓe, wani lokaci har guza na shan hantsi a gaɓa.

Ki je kwana ɗaya kafin ranar ki gaida wani dattijo cikin masu garka, ki nemi izninsa, ki riƙa masa ɗan goro. In kun zo, ki sa yara su tambaye shi inda ruwa ya kai a daminar da ta wuce. Zai kai su gindin mangwaro ya nuna musu zanen laka a jikinsa, da ledar da ta maƙale a reshe sama da kansu. Ki tafi da igiyar awo su auna daga ƙasa zuwa zanen, su rubuta a littafi tare da kwanan wata, baɗi ki kawo aji na gaba su sake aunawa a jikin itacen nan.